Mai Ƙirga Jirage

Da rana ina yi wa banki dakon lissafi,
kuɗin da ba nawa ba, sifilin da ba ya ƙarewa.
Da dare in hau tudunmu, matakala ɗari da sittin da uku,
na ƙirga, ai ƙirga ce ciwon gidanmu.
In tura taga, Valparaíso ta zube a ƙarƙashina
kamar an kifar da kwandon fitilu a bakin teku.

Akwai wata jaka a cikin kwamfutata
da na raɗa wa suna "wata rana".
Nan manhajar tuna ban ruwan tumatir take kwance,
tumatirin ya bushe kafin ta iya magana.
Nan wasan kartar da ba wanda ke cinyewa,
nan ƙamus na zagin direbobin bas, ya tsaya a harafi na uku.
Ba na share su.
Wa ke korar 'ya'yansa don ba su yi tsayi ba?

Ta bana ita ce mai ƙirga jirage.
Tsohuwar kyamara, na ɗaure ta a ƙarfen taga da igiyar takalmi,
sai layi ɗari uku da na rubuta shayi na hucewa.
Na ce mata: duk abin da ya yi fari, ya yi tsawo,
yana tafiya ba gaggawa, jirgi ne, rubuta.
Ranar Talata ta rubuta goma sha ɗaya.
Bakwai zanin gadon Doña Hortensia ne a kan igiya,
ɗaya magen maƙwabta,
ɗaya kuma ni ne, ban san ta yaya ba.

Da na gaya wa tsohuwar ta yi dariya har da dafa bango:
"Eliseo, shekara arba'in ina shanya,
sai yau na ji zanina zai tafi ƙasar Sin."

Kwana uku ina farautar kuskure guda.
Na zargi kyamara, na zargi hazon teku,
na zargi wanda ya ƙago harshen tun ban zo duniya ba.
Ashe aya ce, 'yar mitsitsiya,
ta haye kujerar waƙafi ta miƙe ƙafa,
kuma da hannuna na zaunar da ita.
Haka na yi da Ximena, in za a bi ta gaskiya:
inda ya kamata in ja numfashi, sai na rufe zance.

Babana shekara talatin yana sauke kaya a tashar nan,
bai taɓa danna madanni ba.
Yakan leƙa da sassafe, ya shaƙi iska, ya ce,
"Huɗu yau, ɗaya na ayaba."
Ya kuwa zama huɗu, ɗaya na ayaba.
Ni ga ni da injin da ke lissafa biliyan kafin ƙiftawar ido,
ina koya masa bambancin jirgi da wanki.

Jiya da asuba ƙasa ta motsa,
irin motsin da mu a nan ba ma barin bargo dominsa.
Cokali ya yi ƙara a kofi, karnuka suka ɗauka, suka ajiye.
Kyamara ta sunkuya, ta bar teku ta kalli gari.
Na farka allo na cewa:
jirage ɗari huɗu da goma sha biyu.
Kowane gida ta ƙirga, mai shuɗi, mai rawaya, mai tsatsar kwano,
da mutanensu a ciki suna minshari,
duk wai sun kama hanya.

Na kai hannu zan gyara, na san layin, na tamanin da bakwai.
Sai buta ta yi kuka.
Can ƙasa Doña Hortensia na kakkaɓe wani sabon jirgi.
Na bar lambar yadda take.
Takwas saura, banki na jira,
na duƙa zan ɗaure takalmi,
na tuna inda igiyar take.